Itatuwan filin maƙwabci sun tsaga mini katanga: wa zai biya kuɗin sara?

Tambayar ta fito daga wani magidanci a unguwar Zariya, nan Maradi. Gidansa na manne da wani kangon fili ta gabas. Mai filin ɗan kasuwa ne da ke zaune a Kwatano, sai ya shekara bai leƙo ba. A filin akwai manyan bedi (dogon yaro) biyu dab da katanga, da gawo ɗaya can ciki kaɗan. Katanga ta tsage, rassa sun hau kwanon ɗakin yara, in hadari ya taso ba mai runtsawa a gidan. Ya kira mai filin a waya, shi kuwa ya ce masa: "In sun dame ka, sare su da kuɗinka." Yana so ya san wanda biyan ya rataya a wuyansa.

Malam, Allah ya tsare ka da iyalinka. Asalin hukuncin ba shi da wuya: mai fili shi ke da icce, mai icce kuma shi ke biyan kuɗin kawar da cutar da iccensa ke yi wa maƙwabci. Dokar ƙasa da fiƙihun Malikiyya da abin da masu unguwa suka saba yankewa a zaure, duk bakinsu ɗaya a nan. Aya ta 552 da ta 553 na kundin dokar farar hula, wato Code civil, wanda Nijar ta gada daga Faransa, sun ce mallakar ƙasa ta haɗa da abin da ke samanta da abin da ke ƙarƙashinta, kuma shukar da aka tarar a fili ta mai filin ce sai in an kawo hujjar da ta nuna ba haka ba. Ranar da mutumin nan ya tashi gini, ko ya ga itace ya yi tsada, ba zai yarda kowa ya ɗauki ko ƙirare ba. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai abin da za a iya tilasta masa shi ne ya kawar da cutar, ba lallai ya tuge itatuwan duka ba, kuma ukun nan da ka lissafa ba hukunci ɗaya gare su ba.

Kafin komai, kada ka ɗauki gatari a kan maganar waya. "Sare su da kuɗinka" magana ce ta wanda ke son ya rabu da kai ya koma kan hajarsa, ba izini ba ne da za ka nuna wa kowa. Na ga irinta a zaman sulhu: mutum ya sare, mai fili ya zo hutun Salla ya rantse shi rassa ya ce a rage, bai ce a kayar ba, har ya nemi kuɗin itacen da aka kwashe. Wanda aka cuta ya koma shi ke ba da haƙuri. Wani lokaci ma wanda ya yi maka maganar ba shi kaɗai ke da filin ba, na gado ne da ba a raba ba, sai ƙannensa su fito su ce ba da yawunsu ba. Kuma in ka biya daga aljihunka ba a rubuta cewa rance ba ne, kyauta ka yi, da wuya ka sake ganin dala ɗaya.

Sai ka tabbatar da iyaka, don katanga ba ita ce iyaka ba. Magina kan ja gini ciki ko waje da taku ɗaya ko biyu, wani don ya kauce wa icce, wani don turakun siminti da aka kafa lokacin rabon filaye sun nutse cikin rairayi. Ɗauko takardar filinka, acte de cession ne ko titre foncier, ka nemi mai awon filaye ya fito da turakun. Amsar tambayarka na iya juyewa a nan. In gindin bedi ya faɗo cikin naka, iccen naka ne, biyan ma naka. In yana bisa layin iyaka daidai, aya ta 670 ta ɗauke shi na tarayya: kowannenku na da ikon neman a cire shi, itacen a raba biyu, haka ma ɗawainiyar. In kuwa ya fito a gefen titi ko a filin da aka ware don amfanin jama'a, to maganarka da ma'aikatar magajin gari ce, ba da ɗan kasuwar ba.

Akwai kuma tambayar da mutane ba sa son a yi musu: wa ya dasa? Bedi kan fito da kansa. Tsuntsaye da jemagu ke yar da ƙwallonsa a gindin bango inda ruwan indararo ke zuba, shi ya sa kake ganinsa jere da katanga a kusan kowane kango. Irin wannan yana wuyan mai fili, tunda shi ya bar shi ya ƙasaita. Amma sau da yawa maƙwabcin ne da kansa, ko wanda ya sayar masa da gidan, ya dasa a kangon don inuwar tumaki ko majalisar yamma. In haka ne, hujjarka ta yi rauni ƙwarai. Aya ta 555 ma ta ba mai fili damar ya sa wanda ya yi dashe a filinsa ba da izini ba ya cire da kuɗinsa. Ka binciki wannan tun kafin wani dattijo ya faɗe shi a gaban mai unguwa.

To, a ce an auna, duka ukun na cikin filinsa, kuma ba kai ka dasa ba. Aya ta 671 ta ce iccen da tsawonsa ya wuce mita 2 sai ya yi nisan mita 2 daga iyaka, ƙananan shuke-shuke kuwa rabin mita. Ana aunawa daga tsakiyar gindi zuwa layin iyaka, ba daga ɓawo zuwa katanga ba. In tazarar ta gaza, aya ta 672 ta ba ka ikon neman a tuge iccen ko a rage tsawonsa zuwa yadda doka ta yarda, da kuɗin mai shi, ba sai ka nuna wata ɓarna ba. Wannan ikon na faɗuwa in akwai rubutacciyar yarjejeniya da ta halatta iccen, ko filayen biyu da can na mutum ɗaya ne kuma da iccen a wurin aka raba su, ko kuwa iccen ya shekara 30 a haka ba wanda ya yi magana. Kada dai ka dogara da ma'auni kaɗai. Ayar da kanta ta gabatar da ƙa'idojin gari da al'adar da aka sani a kan mita 2 ɗin, kuma alƙalin da ya ratsa Bagalam ko Mokoyo ya ga bedi a jikin kowane bango ba zai yi saurin cewa a tuge icce don ya gaza da taƙi ɗaya ba. Abin da ke motsa shi shi ne ɓarnar da ido ya gani.

Malamanmu sun tattauna wannan tun da daɗewa. Tushen shi ne hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa babu cuta babu cutarwa. A Muhtasar, Shehu Halil ya kawo cewa ana hukunta a yanke abin da ke cutar da bango daga icce in iccen ne ya zo bayan bangon, in kuwa iccen ya riga, akwai zance biyu. Muɗarrif, ɗaya daga almajiran Imamu Malik, ya tafi a kan a yanke abin da ya cutar ko da iccen ya riga. Ibnul Majishun, shi ma almajirin Malik, ya ce a'a, wanda ya yi gini a gefen tsohon icce ya san zai yaɗu, shi ya shiga hurumin iccen. A duka zantukan, abin da ake yankewa shi ne mai cutarwar, ba iccen gaba ɗaya ba. Shi ya sa tambayar farko da za ka ji daga bakin liman ko mai unguwa ita ce: tsakanin icce da katanga wa ya tarar da wani? A wajenka ina kyautata zaton bedin ƙannen katangarka ne, gawon kuwa ya girme ta, tun wurin yana gonar hatsi kafin gari ya cinye shi. Tsofaffin unguwa da iyalan masu gonar asali za su faɗa maka.

Rassan da suka hau kwanonka su ne inda hujjarka ta fi ƙarfi. Aya ta 673 ta ce wanda rassan maƙwabci suka ƙetaro masa yana da ikon tilasta maƙwabcin ya yanke su, kuma wannan haƙƙi ba ya tsufa, ko iccen ya shekara 30 ko ya fi. Ikon tilastawa aka ba ka, ba ikon hawa da adda ba. Shi zai yanke, ko ya biya mai yankewa, ko ya ba ka izini. Ƴaƴan da suka faɗo da kansu a tsakar gidanka naka ne, abin da zai yi daɗi da mangwaro ne, amma na bedi ba abin da za su ƙara maka sai shara.

Saiwa daban take. Wadda ta shigo ƙasarka, ayar ta ba ka damar ka yanke ta da kanka daidai kan iyaka, ba sai ka tambayi kowa ba, kuma tunda kai ka zaɓi yi, kuɗin haƙa naka ne. Amma a nan nake jan kunnen mutane, don abin da doka ta halatta na iya kayar maka da ɗaki. Babban bedi da ke dab da bango, in ka datse masa manyan saiwoyi ta gefe ɗaya, ka cire masa abin da yake riƙe ƙasa da shi. Kuma ka san daga inda hadarin farkon damana ke tasowa a garin nan: daga gabas, da iska da ƙura kafin ruwa ya sauka. Itatuwan suna gabas da kai, wato kan gidanka iskar take turo su. In iccen ya faɗi bayan ka yanke saiwa, mai filin zai ce da yana tsaye lafiya, kai ka raunana shi, kuma za a saurare shi. Saiwar da ba ta wuce kaurin yatsa ko tsintsiyar hannu ba, yanke abinka. Wadda ta kai cinya, kada a taɓa ta sai an fara rage kan iccen.

Game da katanga, sai ka nuna cewa saiwa ce ta tsaga ta, don ba kowace tsaga ce laifin icce ba. Ruwan da ke kwanciya a gindin bango na tsaga ta, haka harsashin da bai yi zurfi ba, haka ramin masai da aka haƙa kusa. Damanar 2024 ta rusa gidaje masu yawa a Maradi waɗanda ba icce ko ɗaya kusa da su. Hanyar ganewa ba ta da tsada. Ta cikin gidanka, daidai inda tsagar ta sauko, ka sa a haƙa ɗan rami mai faɗin shebur, a bi jikin harsashin a hankali. In saiwa ce za ka gan ta: ta kutsa ƙarƙashin bulo ta kumbura, wani lokaci ta baje kamar an danne ta, bulon da ke kanta ya ɗaga sama da ƴan'uwansa, tsagar kuma ta tashi daga nan ta buɗe baki ta sama. Kankare ɓawonta da wuƙa, ɗacin bedi da warinsa ba sa ɓoyuwa. Kada a cike ramin sai magini da shaidu biyu sun gani, an ɗauki hoto da ma'auni a jiki. Sannan ka shafa ɗan siminti siriri a kan tsagar ka rubuta kwanan wata da ƙusa. In ya sake tsagewa cikin ƴan makonni, bangon na ci gaba da motsi. A jigawa, inda yawancin sababbin unguwanni suke, ɓarnar saiwa turi ce kai tsaye. A ƙasar laka ta wajen Gulbi kuwa icce na shanye danshin ƙasa da rani ta tsuke, bango ya zauna ta gefe ɗaya ko saiwa ba ta taɓa shi ba.

In rami ya nuna saiwa, gyaran katanga ma na mai icce ne, bisa aya ta 1382 zuwa 1384 da suka ɗora wa mutum biyan ɓarnar da ya jawo, da gangan ko da sakaci, da wadda abin da ke ƙarƙashin kulawarsa ya jawo. Amma gyaran inda ya lalace, ba sabon gini ba. Mai katangar banko da ya nemi a mayar masa da ta siminti tun daga kusurwa har kusurwa, shi ke kashe sulhu da hannunsa.

Gawo kuwa, ka cire shi daga lissafin nan tukuna. Ko mai filin ba shi da ikon kayar da shi don ya ga dama. Yana cikin itatuwan da hukuma ta ba kariya ta musamman tun dokar gandun daji ta 1974, tare da irinsu kuka da tsamiya da giginya da maɗaci, kuma dokar da ke aiki yanzu, mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004, ba ta sake su ba. Sai da izinin ma'aikatan gandun daji, su zo su duba, su ce a rage ko a kayar ko a bari. Mai filin ne ke neman takardar, shi ke biyan kuɗin da hukuma ta yanka. In aka sare ba takarda, tara na hawa kan mai gatari da wanda ya sa shi, kuma "mai fili ne ya ce a waya" ba za ta fid da kai ba. Ni ko bedi ne, shawarata a bi ta ofishinsu kafin a fara, don ƙarar inji a cikin unguwa kan jawo su, kuma gara ka je da ƙafarka da a kira ka.

Ba na ma jin gawon ne ke hana ku barci. Saiwarsa ƙasa take nutsawa neman ruwa, kuma da damana, lokacin da iska ta fi ƙarfi, shi yake zubar da ganye, iska ta ratsa ta wuce. Abin dubawa a jikinsa shi ne kogo, da wuraren da makiyaya suka daɗe suna sassara wa dabbobi har ruwa ya shiga ya ruɓar da reshe. In akwai, a nuna wa ma'aikatan. Kuma a jihar da aka san ta da sassaben zamani, inda tun shekarun 1980 manoma suka dawo da itatuwa gonakinsu ta hanyar renon tohon kututture, har gwamnati ta fitar da dokar 30 ga Yulin 2020 da ta tsara aikin ta kuma tabbatar wa manomi amfanin abin da ya rena, ba ƙaramin abin kunya ba ne a kayar da tsohon gawo don kawai ana aikin bedi a kusa da shi.

Yanzu maganar kuɗin kanta. Mutane kan ce "kuɗin sara" kamar abu ɗaya ne, alhali saran shi ne mafi sauƙi. Akwai sauke rassa ba tare da an fasa kwano ba, akwai kayar da gangar jikin, akwai tuge kututture, akwai kwashe tarkace, ga takarda, ga gyaran bango. Abin da ke rage nauyin shi ne itacen kansa kuɗi ne. Garin da ake kawo wa itace tun daga dajin Baban Rafi ba ya raina manyan bedi biyu a tsakiyar unguwa. Masu gidan burodi da masu abincin sayarwa na saye, miƙaƙƙun rassan kuma na zama dirkokin rumfa tunda gara ba ta cika cinsu ba. Masu sara da yawa za su karɓi itacen a matsayin ladansu ko wani kaso na ladan. Itacen dai na mai fili ne, shi zai ce a bayar. In amalanke za ta fita da shi, a riƙe kwafin takardar izini a hannu, don fataucin itace da jigilarsa zuwa manyan garuruwa na ƙarƙashin doka tun 1992, kuma ana tambaya.

Tarkon cinikin "ku sare ku ɗauki itacen" shi ne kututture. Ba mai son sa, don wahala ce ba riba. Za su yanke daidai gwiwa, su loda abin da ke da kuɗi, su ce gobe za su dawo, goben da ba ta zuwa. Bedi kuwa ba ya mutuwa da sara: ruwan farko zai fitar da toho cunkus a kan kututturen, wani ma daga saiwoyin, kuma saiwar da ke ƙarƙashin katangarka tana nan da ranta. Don haka a faɗi kututture da baki a cikin ciniki, kuma a riƙe wani abu daga ladan ko daga itacen sai an tuge shi. Kada a cinna masa wuta a jikin bango. Mafi muni, kada wani ya ba ka shawarar ka zagaye ɓawon iccen da dare ko ka zuba masa baƙin mai ya bushe a tsaye. Ka lalata dukiyar wani, ka kuma mayar da ɗanyen icce busasshe a saman ɗakin ƴaƴanka.

Wanda za a ɗauka aikin, ka kalli yadda yake farawa. Wanda ya iya, sama yake hawa da igiya biyu, ɗaya a ƙugunsa, ɗaya ya ɗaure reshen ya sagalo ta a wani reshe na sama, mutum biyu a ƙasa suna riƙe. Yakan fara ɗan yanka ta ƙarƙashin reshen kafin ya sara ta sama, don kada ya ɓalle ya yage ɓawo ya yi lilo ya bugi bango. Guntu-guntu ake sauke shi har a bar gangar jiki tsirara, sannan a kayar da ita cikin kangon. Wanda ya iso ya tsaya a gindi yana auna inda zai tura iccen gaba ɗaya, sallame shi. In wayar wuta ta ratsa cikin rassan, a sanar da NIGELEC su yanke wutar kafin kowa ya hau. Kuma a san tun farko wa ya ɗauki ma'aikacin, don in reshe ya fasa kwanon wani ko yaro ya ji rauni, wanda ya sa aikin za a fara nema. Wannan ma dalili ne na barin aikin da sunan mai fili, ko da kai ke tsaye a wurin.

Hanyar da za ka bi ta fara da rubutu. Aika masa hotunan tsagar da ramin da rassan ta WhatsApp, da saƙo mai ladabi da ya faɗi abin da kake nema da wa'adi, kuma ka adana amsarsa, ko ta murya ce. Ɗan kasuwar Maradi da ke waje ba ya rasa wakili a gida, ƙane ko yaron shago ko wanda ke karɓar masa haya. Nemo shi, ka kai shi ya ga ramin da idonsa. In ba a daidaita ba, sai wajen mai unguwa, daga nan fadar Sarkin Katsinan Maradi in ta kama. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba su ikon sasanta irin wannan, kuma ana rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Ka nace a rubuta, ka karɓi kwafi. Sarki sasantawa yake, ba ya tilastawa, amma mutumin da ya raina kiranka ba ya raina kiran fada, musamman in danginsa na cikin gari. Da gona ce a karkara, dokar tsarin karkara ta 1993 ta wajabta a fara da wannan sulhu kafin kotu. A cikin gari ma ban ga hikimar tsallake shi ba.

Kotu ita ce ta ƙarshe. Kafin ka je, ɗauki huissier, wato ma'aikacin shari'a mai isar da takardun kotu, ya zo ya rubuta abin da ya gani ya kuma kai wa mai filin ko wakilinsa takardar gargaɗi. In iccen ya karkata ko ƙasar gindinsa ta fara ɗagowa, akwai shari'ar gaggawa da ake kira référé. Alƙali na iya umartarsa ya yi aikin, ya ɗora masa tarar kowace ranar jinkiri, ko ya ba ka izinin yi a bi shi kuɗin. A rikicin filin da ba shi da takardar mallaka ta hukuma, kotu kan yi aiki da al'adar masu shari'ar, da masana al'ada zaune gefen alƙali, shi ya sa na kawo maka zancen malamai tare da ayoyin doka. Ka dai yi lissafi, don kuɗin huissier da zirga-zirga na iya fin kuɗin saran.

Amfanin takardar gargaɗi ya fi fitowa in, Allah ya kiyaye, iccen ya faɗi kafin a yi komai. Abin da mai icce ke fakewa da shi shi ne iska ce daga Allah, ba wanda ya isa ya tare ta. In guguwa ce da ta tuge lafiyayyun itatuwa ko'ina a gari, wannan uzuri na iya karɓuwa. Amma wanda aka nuna wa hoto, aka kira shi gaban mai unguwa, ya ce a sare da kuɗin wani, ba shi da bakin cewa abin ya zo masa ba zato. In filin na magada ne, ɗawainiyar na kan dukiyar gadon, kowa gwargwadon rabonsa. In kai ɗan haya ne, sanar da mai gidanka a rubuce, shi ke da katangar, shi zai bi haƙƙinta.

Da ni ne a matsayinka, ga abin da zan kai wa wakilinsa. A bar gawon, sai abin da ma'aikatan gandun daji suka ce. Bedin da rami ya kama saiwarsa a tuge shi da kututturensa. Na biyun, in awo ya nuna yana da ƴar tazara kuma bai taɓa harsashi ba, a rage masa kai a janye rassansa daga kwano, don inuwar gabas da safe a watan Afrilu ba abin yarwa ba ce, kai ma kana sha. Itacen ya tafi a ladan masu sara, abin da ya saura da kuɗin takarda da gyaran inda ya tsage mai fili ya biya. In ya ce hannunsa ba ya kusa, ka ba da rance, a rubuta adadin da ranar biya, shi ko wakilinsa ya sa hannu gaban mai unguwa. In ka ga dama ka yafe wani abu don zaman tare, wannan alherinka ne, amma a rubuta shi a matsayin yafiya, kada gobe ya zama hujjar cewa kai ka saba ɗauka.

A yi aikin da rani, kafin hadarin watan Mayu da Yuni, kuma in iccen ya riga ya karkata ka kwashe yaran daga ɗakin tun yau. Bayan an tuge kututture, a bi saiwar da ta shiga ƙarƙashin bango a zaro ta, don in ta ruɓe a wurin za ta bar rami ta kuma kira gara. A cike gurbin da ƙasa kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana daɓewa. In ƙasar wurin laka ce, a tokare bangon a jinkirta gyaran dindindin har damana ɗaya ta wuce, don ƙasar da icce ya daina shanyewa takan kumbura, ta sake tsaga sabon gini.